Zauren Baba Mai Awo: Ruwa bai san takardar fili ba

Wasiƙun wannan wata duk a jiƙe suka iso. Ba wanda ya tambaye ni rikicin iyakar gona, ba wanda ya kawo rabon gidan gado, kowa da ruwa yake kuka. Ga sababbin masu karatu, ni ba injiniya ba ne. Awon ƙasa na yi, shekara 31 ina saɓe da na'ura mai ƙafa uku kafin gwiwa ta ce ta gaji. Amma wanda ya daɗe yana riƙe wa injiniya sanda, ya san inda ruwa zai nufa tun hadari bai haɗu ba. Na zaɓi shida, sauran a yi mini haƙuri sai wata mai kamawa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Shekara 14 muna cikin gidanmu ruwa bai taɓa shigo mana ɗaki ba. Bara aka gyara hanyar da ta bi ta ƙofarmu, aka zuba birgi, wato jar ƙasa mai tsakuwa, aka yi kanibo, wato magudanar ruwa ta kankare, sabo fil a gefe. Muka yi murna har da guɗa. Damina na faɗuwa ruwa ya shigo ta zaure, ya jiƙa mini rabin buhun gero, katangar makewayi ta zauna. Maigidana ya ce ƙaddara ce. Ni na ce kanibon ne. Wa ya fi gaskiya?
*Uwargida, wata sabuwar unguwa a bayan garin Damagaram*

Amsa: Ƴata, ki gaida maigidan, ki ce masa ban ƙaryata shi ba. Ƙaddara gaskiya ce. Sai dai ita ba a sa mata mita, kanibo kuwa ana sa masa, don haka mu tsaya kan wanda muke iya aunawa.

Ki tsaya a tsakar gidanki ki hangi hanyar ta ƙofar zaure. Da can gidan ne ya fi hanya tudu, ruwan tsakar gida ya bi wuriya ya fice abinsa. Da aka zuba birgi taƙi ɗaya ko biyu, hanya ta hau, gida ya koma kwano. Wuriyar da ke fitar da ruwa ita ce yanzu ke shigo da shi. Wannan ba sai an kira irina ba. Kowane magini yana da farin tiyon nan da ake cika wa ruwa don daidaita gini. A kafa baki ɗaya a dokin ƙofa, ɗaya a leɓen kanibo, kafin shayi ya tafasa kun san wa ya fi wani tsawo, da santimita nawa. Ku rubuta a takarda.

Sannan ki tura yaro mai hankali, ko ki yafa mayafi ki tafi da kanki, a bi kanibon nan da ƙafa har inda ya ƙare. Sau da yawa za ki tarar ya yi tafiyar mita 400 ko 500 gwanin kyau, sai ya tsaya cak a bakin wani kango, ko ya shige wani tsohon kwalbati da ko ɗan akuya ba zai ratsa ba. Kanibon da ba shi da mafita ba magudana ba ne, komin shayar da dabbobi ne mai tsawo. Yana tattaro ruwan da da ke warwatse a lungu goma, ya haɗa shi wuri ɗaya, ya ƙara masa gudu, ya juye shi a ƙofar wanda ya fi kowa kwari. Bana ke ce, baɗi wani.

Ƙa'idar aikin, wadda duk wanda ya koyi sana'ar ya sani, a fara daga ƙasa. A fara sanin inda ruwan zai kwana, tabki ne ko korama, a gino babbar magudana daga can a hauro, sannan ƙanana su zo su same ta. To amma kuɗi gutsure-gutsure suke zuwa, kuma kowane gutsure yana son a gan shi. Mafita tana can bayan gari inda ba mai wucewa sai makiyayi, ba kuma a ɗaukar hoto a can. Shi ya sa ake yawan fara aiki ta kai a bar ƙafa.

Amma kada in ɗora wa kanibo laifin da ba nasa kaɗai ba. Ga lissafi. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ne. Fili mai murabba'in mita 300, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, ya karɓi lita 15,000, wato bido 600 na lita 25. Lokacin da wurin ke gonar gero, rairayi ke shanye mafi yawansa, abin da ke gudu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma ba. Yau da aka rufa kwano aka daɓe tsakar gida da siminti, takwas ko tara cikin goma ne ke fita hanya. Ki ƙirga gidajen da aka gina a tudun unguwarku tun ranar da kika tare. Ko ba a taɓa hanyar ba, ruwan da ke nufo ku yau ba shi ne na shekara 14 da suka wuce ba.

Abin yi kafin damina mai zuwa: a ɗaga dokin ƙofa ya ɗara leɓen kanibo da aƙalla taƙi guda, a yi dakali ya bi gindin katanga ta waje, tsohuwar wuriya kuma a toshe ta a buɗe wata a sama, bayan an cike tsakar gida ta yadda ruwa zai gangara gare ta. Wannan naku ne. Na hukuma kuwa, ku sani aikin gwamnati ana karɓarsa sau biyu ne. Akwai karɓar farko ranar da ɗan kwangila ya ce ya gama, akwai ta ƙarshe, galibi bayan shekara guda, kuma tsakanin nan ana riƙe masa wani kaso na kuɗinsa don gyaran abin da ya ɓaci. In shekarar ba ta cika ba, kukanku yana da haƙora. Ku haɗu gida goma ko ashirin, ku bi ta hannun mai unguwa, ku kai takarda ofishin ayyuka na meri, wato ofishin magajin gari, da hotunan shatar ruwa a bango, da ranar da abin ya faru, da awon tiyon nan. Ku riƙe kwafi da hatimi a kai. Kukan baki iska ke kwashe shi.

Tambaya: Malam, na sayi fili a watan Maris da arha, na ce Allah ya kashe ya ba ni. A Agusta na je dubawa na tarar yara suna iyo a ciki. Maƙwabcin wurin ya ce in bari masu amalanke su riƙa zuba shara, shekara biyu ya cike, haka shi ma ya yi. Wani kuma ya ce in sayi birgi. Wanne ya fi?
*Ɗan kabu-kabu, Damagaram*

Amsa: Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Na san kuɗin filin nan da zufa aka tara su, jaka-jaka. Amma tambayar da ka yi kamar mutum ne ya ce da maciji da kunama wanne zan sa a aljihu.

Shara ba ta riƙe gini. Leda ce da tsumma da toka da kashin awaki, tana ruɓewa tana zama a hankali shekara da shekaru. Ka ɗora ɗaki a kai, shekara uku bango ya tsage daga tagar har ƙasa. Ramin salga kuma a irin wurin nan cika yake da ruwa daga ƙasa, ya amayo abin da ke cikinsa tsakar gida lokacin da yara ke rarrafe. Birgi ya fi, amma yi lissafi: fili mai murabba'in mita 300, in zurfin ruwan mita guda ne, kubik 300 kake nema. Motar da ke ɗaukar kubik 8 sai ta yi sahu 38. Je ka tambayi kuɗin sahu ɗaya ka ninka, za ka ga arhar nan ta fi tsada tsada. Kuma ko ka iya, lita 300,000 ɗin da ke kwana a filinka ba sama za su koma ba. Gidan wani za su shiga. Maƙwabcinka da ya cike nasa, wani ɓangare na ruwan da yara ke iyo a ciki nasa ne ya turo maka.

Bari in ɗan daɗe a nan, don wannan ita ce uwar matsalar garin. Damagaram a kan dutse take zaune, ba sai na faɗa wa wanda ya taɓa ganin duwatsun Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take, ba. A wurare da yawa in ka haƙa kaɗan za ka ci karo da falalen dutse, ruwa ba ya samun inda zai nutse ya yi nisa. Mutanen da sun san haka. Ƙasar da aka gina ganuwar Sarkin Damagaram Tanimun da ita, da ta gidajen unguwannin Birni da Zango, daga ramuka aka haƙo ta, ramukan nan kuma suka zama kududdufai masu karɓar ruwan unguwa. Gini da mafitar ruwansa tare aka haife su. Lokacin da garin ke babban birnin Nijar, kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926, Birni daban, Zango daban, tsakaninsu da kewayensu sarari. Ruwa yana da inda zai zauna ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Tabkin Kanya da ƴan'uwansa ba ɓataccen fili ba ne da ke jiran mai saye, su ne randunan garin.

Sai mutane suka ƙaru. Ƙidayar 1988 ta samu wajen mutum dubu 120, ta 2001 wajen dubu 170, ta 2012 kuwa, in aka haɗa gundumomin birnin duka biyar, sama da dubu 300. Kowa yana son inda zai sa haƙarƙarinsa, wannan ba laifi ba ne. Tudu ya ƙare ko ya yi tsada, aka gangaro kwari. Tabki yana ja da baya da rani, mu kuma muna bin sa da bulo. Da damina ya dawo karɓar wurinsa, mu ce ambaliya.

Ni ma hannuna ba wankakke ba ne. A farkon aikina, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, an tura mu yankan filaye a watan Afrilu. Na ga ƙasa baƙa, ta tsattsage kamar diddigen manomi, ga bawon katantanwa birjik. Wani tsoho mai kiwon awaki ya tsaya yana kallona, ya ce, yaro, nan da kake kafa turakunka, da damina nan muke yi wa jakuna wanka. Na zana da'ira da jan biro a taswira na rubuta tabki. Wanda ke sama da ni ya ƙirga, ya ce da'irar nan ta cinye fili 40, in goge. Na goge. Ina da mata da jariri, albashi nake ji. Bayan shekara shida hanya ta bi da ni ta wurin a Agusta, na ga mata suna fitowa da tukwane a ka, ruwa iya cinya. Ba wadda ta san ni a cikinsu. Har yau in aka yi tsawa da dare jan biron nan nake tunawa.

To kai yanzu fa? Koma wurin wanda ya sayar maka. In ya san wurin yana cin ruwa ya ɓoye, a addini ɓoye aibin kaya haram ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Ka ɗauki dattijo guda da hotunan Agusta, a fara da sulhu gaban mai unguwa, in ta ƙi a hau fada, in ta ƙi a je kotu. Ka kuma kai takardar filin meri a duba ko wurin yana cikin yankan hukuma, ko kuwa takardar cinikin gona ce kawai aka ba ka, don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ga masu shirin saye: fili a Agusta ake ganinsa, ko da a Maris za a biya. In ba ka iya jira, dubi ƙasa, dubi ko akwai duman rafi ko bagaruwa ta yi yawa, tambayi masu buga tubali da makiyaya. Kada ka tambayi dillali.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce a jami'a. Kullum in ruwa ya yi ɓarna sai in ji ana cewa laifin hukuma ne. Wace hukumar? Wa ke yanke shawarar inda za a yi kanibo da inda ba za a yi ba, kuma ta ina talaka ke sa baki?
*Ɗaliba, Tudun Jamus*

Amsa: Jikata, kin yi tambayar da manya ba sa yi. Kalmar hukuma bargo ce, kowa na shiga ƙarƙashinta ya ɓuya.

Magudanar da ke gefen babbar hanyar ƙasa, kamar wadda ta fito daga Yamai ta ratsa mu ta nufi Diffa, ko ta Tanut, ta ma'aikatar ayyuka ce ta ƙasa. Ta cikin unguwa, da kwashe shara, da yankan filaye, na gari ne. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004. A 2010 aka yi babbar dokar ƙananan hukumomi, aka kuma ba Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram matsayi na daban: birni guda da majalisarsa da magajin garinsa, a ƙarƙashinsa gundumomi, namu biyar. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi su riƙe aikin. Wato kujerar kansilan da da za ki tare a wurin suna ki faɗa masa damuwarki babu ita a yanzu, amma ofishin ayyuka yana nan, kasafin kuɗi yana nan, mai unguwa yana nan, fada tana nan. Ruwa kuwa duk bai san wannan ba. Ya sauka a gunduma ta ɗaya ya kwana a ta uku, ya tsallaka daga kanibon gari ya faɗa na ma'aikatar ƙasa. Shi ya sa tsarin magudana sai an yi shi don gari ɗungurungum, a bi kwari da tudu, ba iyakar ofis ba.

Kuɗi fa? Abin da gari ke tarawa da kansa, harajin kasuwa ne da na tasha da na kai da ƴan takardu, sai kuɗin filaye. Ki lura da na ƙarshen nan. Garin da aljihunsa ya dogara da yankan fili, da wuya ya kalli tabki ya ga randa, kuɗi zai gani. Babbar magudana mai tafiyar kilomitoci ta fi ƙarfin wannan aljihu, sai gwamnatin ƙasa ko masu ba da lamuni irin Bankin Duniya. Ko kuma sai biki ya zo, kamar na ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba na 2018, da aka yi a garin nan aka yi masa laƙabi da Zinder Sabuwa. Ban raina abin da aka samu ba, garin ya yi haske. Abin da nake cewa kawai, kowace mitar kwalta sabuwa ruwa ne sabo da ke neman hanya, kuma kuɗin gini yakan zo da baƙo, kuɗin yasa kuwa kullum na mai gida ne. Ba a yanka kyalle don an yashe kanibo, shi ya sa layinsa a kasafi ya fi kowane rama.

Ta ina talaka ke sa baki? Ta kalanda. Mu a Agusta muke ihu, lokacin da ba abin da za a iya sai rabon shinkafa da tabarmi. Kasafin shekara kuwa bayan kaka ake tsara shi, kafin Janairu, lokacin da ƙasa ta bushe kowa ya manta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Oktoba da Nuwamba ya kamata unguwanni su je da takardunsu. In kun samu zama da masu aikin, kada ku ce a yi mana kanibo, kowa haka yake cewa. Ku ce a nuna muku taswirar magudanan gari, ku sa yatsa ku tambaya ruwan unguwarmu ina zai kwana. Ku tambayi girman ruwan da aka yi lissafi da shi, don a al'ada ana auna magudanar gari da irin ruwan da ake samu sau ɗaya cikin shekara 10, kuma in an ɗauki lissafin lokacin da tudu ke gonaki, an yi wa babba rigar yaro. Ku tambayi wa zai yashe, da kuɗin wa. In aka zo sabon yankan filaye, ku nemi a fitar da tabki da hanyar ruwa a taswira tun kafin a kafa turke ko ɗaya, a kuma kewaye su da itace ko shinge, don filin da ba shi da alama marayan fili ne.

Ra'ayina, wanda wasu abokan aikina ba sa so: a garin rairayi irin namu, hanyar pabe, wato ta jeren tubalan siminti, da aka ɗan kwantar da tsakiyarta ta ɗauki ruwa da kanta ta fi kanibo a yawancin lunguna. Ruwa ya bi ta awa ɗaya ya wuce, a share da tsintsiya. Kanibo kuwa iskar hunturu na cika shi da ƙasa tun kafin leda ta iso, in an rufe shi da murfin kankare ba mai ganin cikinsa, in an bar shi buɗe ya zama juji da tarkon makafi. Pabe kuma hannu ke shimfiɗa shi, samarin unguwa su samu na cefane.

Tambaya: Malam, gidanmu na ƙasa ne, na gado, a Birni. Tun da tsohon masallaci ya faɗi ƴaƴana suka matsa in shafe bangon duka da siminti. In yarda?
*Dattijo, Birni*

Amsa: Yaya, Allah ya ƙara girma. Faɗuwar masallacin nan a farkon Satumbar 2024 ta taɓa kowa, ginin da ya tsaya tun ƙarni na 19. Daminar ce da ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar, ta shafi fiye da miliyan guda, har aka ɗage komawa lakwal, wato makaranta, zuwa ƙarshen Oktoba. Tsoron yaran yana da dalili.

Amma siminti a kan bangon ƙasa auren dole ne. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti ba ya yi. Ya tsage kaɗan, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya jiƙe a ɓoye, ka wayi gari ɓawon ya zubo da rabin katanga. Gidan ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta soro da ta gindi. Duba indararo: ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, kuma inda ruwan ke sauka a sa dutse. A sabunta daɓen soro da yaɓe kafin Yuni, kamar yadda iyayenmu ke yi. In za a sa siminti, a sa shi a dakalin gindi, da gangare zuwa lungu. Abin da ya fi ba ni tsoro a Birni shi ne lungun da kowa ke ɗaga ƙofarsa yana zuba ɓaraguzai, har ruwa ya rasa hanya ya kwana jingine da bango. Wannan ba maganar gida ɗaya ba ce, a tara mutanen lungun a zauren mai unguwa.

Tambaya: Baba, mu ƴan fada ne, wato majalisar samarin unguwa, mu goma sha biyu. Mun yashe kanibon layinmu ranar Lahadi, muka tara ƙasar a gefe. Ruwan farko ya mayar da ita ciki. Gwiwarmu ta yi sanyi.
*Ƴan fada, Sabon Gari*

Amsa: Samari, Allah ya yi muku albarka, kun fi masu zagi daga kan benci. Kuskurenku ɗaya: kun yi yasa ba ku shirya kwasa ba. Kafin a sa shebur a nemo amalanke ko mota, abin da aka fitar ya bar unguwa ran nan. Ku je meri tun da sati biyu ku roƙi mota, in ta kama ku haɗa kuɗin man mota gida-gida. A watan Mayu ake yi, kuma a faro daga ƙarshen da ruwa ke fita a hauro, in ba haka ba kun buɗe wa ruwa hanya zuwa toshewa. Ku sa takalmin roba da safar hannu, don akwai gidajen da ke sako ruwan gologo, wato ƙazamin ruwan gida, a ciki da dare, akwai kwalba, akwai allura. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin rufaffen kanibo, iskar ciki na kayar da ƙato. Yara kuma kada su yi wasa da ƙasar.

Za ku ga rabin abin da kuka fitar leda ce. Akwai dokar da ta hana shigo da ita da sayar da ita tun 2014, ku da kuka yashe kun fi ni sanin inda dokar ta tsaya. Ku ƙirga amalanke nawa kuka kwashe a mita nawa, ku rubuta, ku kai ofishin ayyuka lokacin kasafi. Aikin gayya taimako ne, ba ya sauke wa mai nauyi nauyinsa.

Tambaya: Baba, a Afrilu muna bin ƴan ga-ruwa da kuɗi a hannu ba mu samu, a Agusta ruwa na kore mu daga ɗaki. Ba yadda za a ajiye na Agusta a sha a Afrilu?
*Mai ƙosai, Garin Malam*

Amsa: Ƴata, dutsen nan guda shi ya jawo duka biyun. Ba ya barin ruwa ya taru a ƙarƙashin gari, shi ya sa na famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Ajiye na gari duka aikin madatsu ne da gyaran tabkuna, ya fi ƙarfina da ke. Na gida kuwa ana iyawa. Muna samun wajen milimita 400 a shekara. Rufin kwano mai murabba'in mita 60 yana karɓar lita 24,000, ko an cire wanda ya zube ya fi bido 700. Ba za ki iya ajiye duka ba, kuma ba zai kai ki Afrilu ba sai da babban tanki, amma duk tuku, wato duro, da kika cika, ruwa ne da bai fita hanya ya shiga gidan na ƙasa da ke ba.

A sa maƙwararar kwano a bakin rufi ta zuba a tuku ko tankin siminti. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube. A rufe ruf, don sauro sati guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai. A yi wanki da wanke-wanke da shi, in za a sha a tafasa ko a sa magani. Nawa tankin na lita 2,000 ne, wani tsohon abokin aiki ya gina mini. Bara na yi niyyar ya kai ni Janairu, ya ƙare a Nuwamba, don jikoki sun gano inda nake ɓoye makullin famfon.